Sharhi: Kaya ba gammo, halin da jami'an walwalar jama'a ke aiki a Kaduna

A watan Disambar 2022 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a dokar da ta kafa majalisar kula da aikin walwalar jama'a ta ƙasa. Abin da dokar ke nufi a taƙaice shi ne wannan aiki ya zama sana'a mai ƙa'ida kamar jinya ko aikin lauya: akwai karatun da ake buƙata, akwai rajista, akwai hukumar da za ta sa ido. Labarin bai yi amo ba, amma ya bar mutane da tambayoyi. Matar da ta shekara ashirin tana sasanta ma'aurata a ƙungiyarsu ta Tudun Wada, ita ma jami'ar walwala ce? Ɗan agajin masallaci fa, ko mai unguwar da ake kai wa yaron da aka tsinta? Kuma shi jami'in da gwamnati ta ɗauka, me ya sa mutane ke cewa an kai masa ƙara bai yi komai ba?

Amsar tambaya ta ƙarshe ita ta fi tsawo, kuma ita ce ke haska sauran.

Wane ne jami'in walwala?

A bakin jama'a sunansu "'yan welfiya", kuma da yawa sun ɗauka aikinsu rabon shinkafa da atamfa ne. Rabon tallafi wani abu ne daban. Jami'in walwala aikinsa bin lamarin mutum ɗaya ko gida ɗaya daga farko har ƙarshe: ya saurara, ya je gidan ya gani da idonsa, ya rubuta, ya haɗa mutumin da asibiti ko makaranta ko kotu, sannan ya koma bayan wata guda ya ga ko abin ya zauna. Wannan komawar ita ce zuciyar aikin, kuma ita ce ta fara mutuwa idan kuɗi suka yanke.

A Kaduna ana samunsu a wurare kusan huɗu. Akwai na ma'aikatar jiha mai kula da walwalar jama'a. Akwai na ƙananan hukumomi 23. Akwai na asibitoci, irin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da asibitin masu taɓin hankali na tarayya da ke Barnawa, waɗanda ke fama da marar lafiyar da ba shi da kuɗin magani ko wanda danginsa suka ajiye suka sulale. Sai kuma ma'aikatan ƙungiyoyi masu zaman kansu da 'yan sa-kai, waɗanda a unguwanni da ƙauyuka su aka fi gani.

Tushen aikin

Kafin zuwan ofis, dangi ne ofishin. Maraya kawunsa ke riƙe shi, bazawara ta koma gidan ubanta, zakka da sadaka su toshe wata kafar, rigima kuma ta tafi gaban mai unguwa, daga nan dagaci, daga nan hakimi. Aikin walwala na gwamnati Turawan mulkin mallaka ne suka fara shi a Legas cikin shekarun 1940, saboda yaran da suka cika tituna lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Dokar yara da matasa ta 1943 daga can ta fito, ba ta iso Arewa ba sai 1958. A 1974 gwamnatin soja ta yi dokar da ta shigar da aikin cikin tsarin tarayya, ƙungiyar ma'aikatan kuma ta kafu a 1975.

Wannan tarihi yana da tasiri har yau. Ofishin ya zo ne tare da ɗan sanda da kotu da gidan kangararrun yara, irin wanda ke Kakuri. Saboda haka a gidaje da yawa, ganin jami'in walwala a ƙofa ba alamar taimako ba ne, alama ce ta cewa wani ya kai ƙarar gidan wurin hukuma.

Dokokin da suka taru a kansa

Cikin 'yan shekaru kaɗan nauyin ya ninka. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta daɗe ba ta samu shiga yawancin jihohin Arewa ba, sai a 2018 Kaduna ta yi tata. A wannan shekarar kuma jihar ta yi dokar hana cin zarafin mutane, wadda tarayya ta yi tun 2015. A Satumbar 2020 gwamna Nasir El-Rufai ya sa hannu a gyaran dokar da ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda aka samu da laifin yi wa yaron da bai kai shekara 14 ba fyaɗe. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ga kuma dokar hana bara a tituna.

Kowace daga cikin dokokin nan, in aka bi ta a hankali, a wurin mutum ɗaya take ƙarewa. Alƙali ba zai yanke wa wanda zai riƙi yaro ba sai an je an duba gidan. Ɗan sanda ya kama wanda ake zargi, amma ba shi da inda zai kwantar da yarinyar. An kwashe mabarata daga titi, sai an samu wanda zai gano garinsu da danginsu. Doka takan faɗi abin da za a yi. Kasafin kuɗi ne ke faɗin ko za a yi, kuma tsakanin abin da aka rubuta a kasafi da abin da aka saki akwai tafiya.

Safiyar Litinin a ofis

A ɗauki misalin ofishin walwala a sakatariyar wata ƙaramar hukuma. Tebur biyu, kabad ɗin ƙarfe cike da fayil, benci a baranda. A kan bencin akwai mace da goyo da yara biyu, mijin ya sake ta ya daina ba da ko kuɗin koko. Kusa da ita ɗan sanda ne riƙe da yaro ɗan shekara takwas da aka tsinta a tashar Kawo, ya san sunan malaminsa da sunan ƙauyensu, amma bai san a wace jiha ƙauyen yake ba. Kafin azahar kuma an aiko cewa an tsinci jariri a kwali bayan wani kango.

Dukkan ukun tafiya suke buƙata. Sai an je an samu mijin, domin takardar gayyata ba sammacin kotu ba ce, in ya ga dama ya yage ta. Sai an yi cigiyar dangin yaron, a samo masa abinci da wurin kwana daga yau har ranar da za a same su. Jaririn kuma asibiti da madara yake so yanzu, ba gobe ba. In ofishin ba shi da mota, ko akwai motar babu mai, daga aljihun jami'ar kuɗin Keke Napep zai fito. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin ziyara ɗaya ya ninka, yayin da mafi ƙarancin albashi na ƙasa bai koma naira 70,000 ba sai a Yulin 2024. Abin da ke biyo baya lissafi ne kawai: jami'a za ta zaɓi wanda ya fi gaggawa, wato jaririn, matar mai goyo kuma a ce mata ta dawo Alhamis. Ita ma kuɗin motar rance ta karɓo, don haka ba lalle ta dawo ba. A fayil za a rubuta cewa mai ƙara ba ta sake zuwa ba.

Maganar jaririn ma ba ta ƙare a asibiti. Musulunci ya kwaɗaitar da riƙon maraya, amma ya hana a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba, saboda nasaba da gado. Tsarin ɗaukar ɗa na dokar boko kuwa yana mayar da yaron ɗan gida ta kowace fuska. A jihar da Musulmi da Kirista ke zaune tare, jami'i ɗaya ne zai bi hanyoyin biyu, ya kuma tantance mai nema na gaskiya daga mai neman yaron aikatau ko mai fataucin jarirai. In ya tsananta bincike a ce yana wahalar da bayin Allah, in ya sassauta a ce da shi aka haɗa baki.

"A bar kaza cikin gashinta"

Babu inda aikin ya fi tsauri kamar lamarin fyaɗe da cin zarafi a cikin gida. Jihar tana da cibiyoyin Salama guda huɗu da ke karɓar waɗanda aka ci wa zarafi: a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, da na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da na Gambo Sawaba a Zariya, da na Patrick Yakowa a Kafanchan. Guda huɗu ke nan ga ƙananan hukumomi 23. Wanda ke wani ƙauye a Birnin Gwari ko Kauru, isa cibiyar kanta aiki ne.

Kuma lokaci ba ya jira. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da cutar HIV bayan fyaɗe cikin awa 72 ake fara shan sa, shaidar da likita zai iya gani kuma tana gushewa da wanka da kwana. A daidai waɗannan kwanaki ukun ne dangi ke zaman shawara. Irin maganar da jami'a ke tararwa ita ce ta kawun yarinya ya tare ta a zaure:

"Malama, don girman Allah a bar maganar nan. Mun zauna da mai unguwa, sun ba da haƙuri. Yarinyar nan aure za ta yi wata rana."

Wadda ta san aikinta ba za ta ɗaga masa murya ba, ba kuma za ta fara da karanto masa doka ba. Cewa za ta yi: "Baba, na ji ku, kuma ba tonon asiri ya kawo ni ba. A bari likita ya duba ta yau, sauran magana ma yi a hankali." In ta samu wannan kaɗai ta ci rabin nasara. In ta zo da ɗan sanda tun farko, ana iya wayar gari an tura yarinyar ƙauye wurin gwaggonta.

A nan ra'ayi ya rabu, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Lauyoyi mata da masu rajin kare haƙƙin yara suna cewa fyaɗe laifi ne ga hukuma, ba bashi ba ne da dangi za su yafe, kuma wanda aka rufa wa asiri yau gobe wata yarinyar zai taɓa. Masu son sulhu suna cewa shari'a takan ja lokaci, ana ta ɗage zama, iyaye na kashe kuɗin mota, sunan yarinya na yawo a unguwa, kuma ba tabbas a ƙarshe za a hukunta kowa. Haka ma kan hukuncin 2020: masu goyon baya na ganin tsananinsa zai tsorata masu aikatawa, masu suka kuma na cewa tun da mai laifin sau da yawa ɗan gida ne ko maƙwabci, uwa za ta ƙara jin nauyin kai ƙarar da za ta kai ƙanin mijinta ga kisa.

Abin da ya kamata a rarrabe shi ne, sulhu a rigimar ciyarwa ko riƙon yara bayan saki hanya ce da aikin walwala kansa ya yarda da ita, kuma tana yawan fin kotu amfani. Sulhu a kan fyaɗen yaro kuwa doka ba ta san da shi ba. Jama'a da yawa ba su ga wannan iyakar, shi ya sa jami'in da jiya aka yaba wa don ya gyara aure, yau ake kiransa mai raba zumunci.

Bayan 'yan jarida sun tafi

A Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa, suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Duniya ta ga hotunan. Abin da ba a gani ba shi ne aikin da ya biyo baya: tantance kowa, duba lafiyarsa, kiran iyayensa. Da yawa daga cikin iyayen da kansu suka kai 'ya'yan, suna biyan kuɗi, saboda shaye-shaye ko taɓin hankali ya fi ƙarfinsu kuma ba su san wani wurin ba. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi a 2018 ya ƙiyasta masu ta'ammali da ƙwaya a Najeriya sun kai miliyan 14.3. Rufe gidan mari bai rage yawan masu buƙatar magani ba. Ya dai mayar da su gida, tare da tambayar wa zai riƙa leƙa su.

Haka aka yi a 2020 lokacin korona, da gwamnonin Arewa suka yi ta mayar da almajirai jihohinsu. Kaduna ta tura dubbai, ta kuma karɓi nata. Sauke yaro a ƙofar gidan ubansa aikin yini ɗaya ne. Tabbatar da cewa ya shiga makaranta bai sake komawa tasha ba, aikin shekara ne, kuma talaucin da ya fitar da shi yana nan inda ya bar shi.

Sai rashin tsaro. Ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka da na makarantar Bethel Baptist a 2021, fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris ɗin 2022, ɗalibai 137 na Kuriga da aka sako a Maris ɗin 2024, da waɗanda suka tsira daga harin jirgi marar matuƙi a Tudun Biri a Disambar 2023: duk waɗannan sun dawo da firgicin da allura ba ta warkarwa. Su ma an san da su ke nan. Akwai waɗanda suka baro ƙauyukan Giwa, Chikun, Kajuru da Birnin Gwari ba su shiga wani sansani ba, suka raɓe a gidajen dangi a bakin gari. Ba sa cikin kowane lissafi sai wani ya bi gida gida. Shi kansa jami'in akwai hanyoyin da ba zai bi ba, domin ba shi da rakiya, in kuma aka ɗauke shi danginsa ne za su nemo kuɗin fansa. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: mutumin da kullum labarin fyaɗe da kisa yake saurare, shi ma yana buƙatar mai saurarensa.

Hannayen da suka ragu

Jami'in walwala bai taɓa aiki shi kaɗai ba, idonsa da kunnensa masu unguwanni ne da dagatai. A 2017 gwamnatin jihar ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, dubban dagatai kuma suka sauka. A 2021 aka sallami dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, abin da ya jawo yajin aikin ƙungiyar ƙwadago a watan Mayu. Hujjar gwamnati ita ce albashi yana cinye kuɗin da ya kamata a yi wa jama'a aiki da su. Masu suka suka ce an yanke jijiyar da ke haɗa hukuma da ƙauye. Ko wanne aka ɗauka, mutanen da ke tsakanin talaka da ofis sun ragu.

Giɓin ƙungiyoyi ne suka cike shi: na addini irin Jama'atu Nasril Islam da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da majami'u, tsofaffi irin Jam'iyyar Matan Arewa, da masu samun tallafin ƙasashen waje. Na ƙarshen nan aikinsu da wa'adi yake. In shekara uku ta cika, alawus ɗin 'yan sa-kai ya tsaya, fayilolin yaran su zauna a kwamfutar da aka rufe. Dakatar da tallafin Amurka a farkon 2025 ya nuna yadda shiri kan tsaya dare ɗaya.

Rajista: masu so da masu ɗari-ɗari

Wannan ya dawo da mu ga dokar 2022. Waɗanda suka karanci aikin, a jami'a ko a sashen nazarin ci gaban al'umma na kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, suna ganin dokar za ta raba tsaki da tsakuwa. A cewarsu an daɗe ana tura duk wanda aka rasa inda za a kai shi zuwa ofishin walwala, kuma duk mai wayar hannu yana iya ɗaukar hoton yarinyar da aka ci wa zarafi ya sa a Facebook da sunan neman taimako, alhali sirrin mai ƙara shi ne ƙa'idar farko ta aikin. Da rajista, akwai wanda za a kai wa ƙarar jami'in da ya tona asiri ko ya karɓi na goro.

Masu ɗari-ɗari suna tambayar yawan masu takardar. In aka ce sai mai shaidar karatu, wa zai yi aikin a Kubau ko Sanga? Suna kuma tsoron kuɗin rajista da sabuntawa su zama wani harajin a kan ma'aikacin da dama da aljihunsa yake aiki.

Matsakaicin ra'ayi shi ne wanda ake bi a fannin lafiya, inda likita bai hana ungozoma da jami'in lafiya na ƙauye aiki ba, sai dai kowa ya san iyakarsa. Dokar sana'a tana tsara wanda zai kira kansa ƙwararre ne da wanda zai sa hannu a rahoton da kotu za ta dogara da shi. Ba ta hana maƙwabciya sasanta ma'aurata ko ɗan agaji kai marar lafiya asibiti.

Abin da talaka zai gani

Nan kusa, ba abin da zai canja a kan bencin nan saboda rajista kawai. Abin da zai taɓa shi kai tsaye shi ne yawan jami'ai, kuɗin zirga-zirga, da wurin kwantar da wanda ba zai iya komawa gida a daren ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, yana iya buɗe ƙofa, tun da ofishin da ya fi kusa da jama'a a can yake. Amma shugaban ƙaramar hukuma ne zai zaɓa tsakanin kwalbatin da kowa zai gani da man babur ɗin jami'in walwala.

Akwai kuma ruɗanin da ke cin jami'an ba da laifinsu ba. Rajistar masu ƙaramin ƙarfi da ake biyan tallafin kuɗi da ita tsari ne daban mai ofishinsa, amma wanda bai ga sunansa ba, "'yan welfiya" yake zagi.

Ga mai ƙara, abubuwa kaɗan ne ke sauƙaƙa lamari. In fyaɗe ne, asibiti kafin zaman dangi, kuma kada a wanke tufafin. In rigimar ciyarwa ce, a zo da takardar saki in akwai, da takardun haihuwar yara, da sunan mai unguwar da mijin yake. In yaro aka tsinta, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda a ranar, kada a riƙe shi a gida mako guda da niyyar alheri, domin mai niyyar alherin kan wayi gari ana tuhumarsa da satar yaro. A kuma karɓi lambar fayil da ranar dawowa a rubuce, saboda jami'ar da ta saurari ƙarar yau ana iya yi mata canjin wurin aiki kafin Alhamis.